Farfesa Wolnik da Tayi Na Uku

A Lubrzyn, garin da aka haifi Farfesa Ignacy Wolnik, ba a karɓar tayi da fari. In uwar gida ta miƙo maka miya, sai ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka na kukan da maƙwabta ke ji. Ta sake miƙowa, ka ce haba, kada ta wahalar da kanta. Sai a na uku, bayan ta fara nuna ranta ya ɓaci, za ka tura kwano gaba kana cewa to, 'yar kaɗan dai, don kada a ce ka raina. Haka ake yi a gidaje da yawa a Poland, amma mutanen Lubrzyn sun ɗauki abin sun mai da shi addini. Mahaifiyar Ignacy takan ce duk yaron da ya ce "eh" tun a tayin farko, awaki ne suka yi renonsa. Ta daɗe a ƙasa, shi kuma ya haura saba'in, amma har yau in aka miƙo masa abu, ita ce ke fara amsawa ta bakinsa.

Abu na biyu da Lubrzyn ke taƙama da shi kuwa, abin da ba ta da shi ne. Sama da shekara ɗari uku da suka wuce sojojin Suwidin suka ratsa ƙasar, suka kwashe duk abin da ke ɗaguwa, wanda ba ya ɗaguwa suka ɓamɓare shi. Daga Lubrzyn sun tafi da ƙararrawar coci, da ƙyauren gidan alƙali, da wani akwatin katako mai ɗamarar ƙarfe wanda duk takardun garin ke ciki. Tun daga nan ba wanda zai iya gaya maka wa ya kafa garin, ko yaushe, ko me ya sa aka kafa shi a bakin fadama alhali ga tudu can. Maƙwabta na yi musu gori cewa su ƙauye ne da ya yi ƙiba.

Ignacy ya ba da rayuwarsa ga wannan akwati. Ya rubuta littafi a kan kafintan da wataƙila shi ya ƙera shi, ya rubuta wani a kan hanyar da wataƙila ita aka bi da shi zuwa teku, ya rufe da ƙaton littafi a kan abin da wataƙila ke ciki. Abokan aikinsa na Warsaw, masu baƙin ciki, suna kiransa Farfesan Wataƙila. Ya sani, kuma abin na ci masa rai, don shi kansa ya san bai taɓa ɗora ido a kan akwatin ba.

Tsohuwar ɗalibarsa ce ta gano inda yake, Dakta Bożena Kurek, wadda yanzu ita ma furfura ta fara yi mata sallama. Ta yi shekaru tana yawon ma'adanar takardun ƙasashen waje tana tsinto tarihinmu ɗaya-ɗaya, don mu duk wanda ya taɓa cin mu da yaƙi yana riƙe da wani ɓangare na labarinmu a ɗakin ajiyarsa. Akwatin yana wani tsohon gidan sarauta da ake kira Tornvik a Suwidin, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya taɓa damuwa ya buɗe shi. Sai dai labarin ya zo da ƙaya. Za a rufe ma'adanar Tornvik a ƙarshen mako mai zuwa, a kwashe komai zuwa wani rumbu da aka haƙa cikin dutse can arewa, a daskarar da shi don kashe ƙwari, sannan ya shiga layin jiran masu tantancewa. Layin nan, in ji Bożena, ya fi ragowar kwanakin mutum mai shekara saba'in tsawo. Ko dai Farfesa ya buɗe akwatin kafin a rufe, ko ya mutu yana Farfesan Wataƙila.

Suka hau jirgin ruwa da jaka cike da tsiran alade da burodi da kokwamba mai tsami, don kowa ya san a Suwidin cin abinci a waje sai mai ƙashin arziki.

Mai kula da ma'adanar wata doguwar mata ce mai suna Gunnel Ekvall, da takalmin 'yan gudu da tabarau rataye a wuya. Mace ce mai kirki, irin kirkin da ba shi da lungu, abin da ta faɗa shi take nufi, kuma ta ɗauka kowa ma haka yake. Ta tarbe su a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Ignacy." Mutum biyu ne kawai a duniya suka taɓa kiransa da sunansa tsirara haka, ba ko "Pan" ɗin girmamawa da muke sa wa namiji a gaban suna kamar yadda muke sa wa mace "Pani", uwarsa da matarsa, kuma dukansu suna makabarta. Ya haɗiye. Ya sunkuya zai sumbaci hannunta kamar yadda dattawanmu ke yi, ita kuwa ta ɗauka agogonta yake son dubawa, ta gaya masa lokaci.

Da hantsi aka kaɗa 'yar ƙararrawa, duk ma'aikatan gidan suka ajiye abin da suke yi suka taru shan gahawa. Gunnel ta miƙo wa baƙi faranti cike da burodin kirfa mai ɗumi, ƙamshinsa har ƙwaƙwalwa. Farfesa ya dafa ƙirji ya ce sun ƙoshi. Bożena ta ce ita ma haka. Gunnel ta ce to, ta juya da farantin, mai yankan ciyawa ya ɗauki biyu. Baƙin suka zauna suna kallon mutane na tauna, suna jiran farantin ya dawo, har aka wanke shi aka kife.

Wannan ya isa ya zama ishara ga mai hankali. Amma da suka koma ɗakin karatu, Gunnel ta zo ta tsaya a gaban teburinsa.

"Akwatin yana ƙasa. Sai na kira masu ɗauka su hau da shi. In sa a kawo maka yanzu?"

Abin da Farfesa ya yi shekara arba'in yana jira ke nan, an ɗora masa a tafin hannu. Ya buɗe baki, mahaifiyarsa ta riga shi.

"Haba, Pani Gunnel, kada ki wahalar da kowa saboda ni."

"To," in ji ta, ta koma ofishinta.

Bai damu ba. Ya zaro farar safar hannun da ya sayo musamman domin wannan rana, ya sa, ya gyara zama, ya jera fensira, yana jiran ta dawo ta matsa masa. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Ta gilasan ofis yana hango ta tana buga na'ura hankali kwance, har da ɗan waƙe-waƙe. Da lokacin tashi ya yi ta fito ta yi musu fatan hutawa lafiya, ta kashe fitila.

A masaukinsu, suna yanka tsiran alade a kan jarida, Bożena ta kasa haƙuri.

"Pan Farfesa, matar nan fa ba za ta sake tambaya ba."

"Za ta sake. Ai ita ma uwa ce ta haife ta."

"Burodin ma ba ta sake ba."

"To ke me ya hana ki karɓa, tunda kin san halinsu?"

Nan kam ya kama Bożena, don gaskiya ne. Ta yi zuwa Suwidin ya fi a ƙirga, ta san komai, amma duk sanda aka miƙo faranti bakinta ke riga kanta. Ta ce to ya je gobe ya ce kawai yana so a kawo. Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe a kasuwa. Mutum ya ce a'a, sannan ya dawo da ƙafarsa yana nema? Wannan roƙo ne. Kuma roƙon wa? Jikokin waɗanda suka sace kayan? Ita ma ba damar ta nema a madadinsa. Izinin da sunansa aka bayar, kuma ko ba haka ba, ɗalibar da ta buɗe akwatin da malaminta ya tsufa yana jira, gara ta nemi wata ƙasar ta zauna.

Washegari Farfesa ya fito da dabara. Bai nemi akwati ba, amma duk inda Gunnel ta gifta sai ya tare ta da hirar akwatuna. Ya yabi kafintocin da, ya yabi maƙeran da ke yin ɗamarar ƙarfe, ya ce a ganinsa babu halittar da ta kai akwati riƙon amana. Gunnel ta saurara da natsuwa, ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ta kawo masa wani littafi a kan tarihin kabad. Sai dab da tashi, tana tattara makullai, ta waiwayo.

"Af, Ignacy, in ka sake shawara game da akwatin nan, har yanzu ana iya kawowa."

Farin ciki ya kusa ɗaga shi daga kujera. Na biyu ke nan. Ashe dai matar ta san ya-kamata, a hankali kawai take tafiya, kamar komai na ƙasar. Ya ɗaga hannu biyu, ya girgiza kai da ƙarfi, ya ce Allah ya kiyaye ya zama sanadin ciwon bayan wani bawan Allah. Ya tsaya yana murmushi, kunnensa a buɗe. Gunnel ta ce ta fahimta, kuma ta ji daɗin yadda yake tunanin lafiyar ma'aikata. Ta sa hular kwano ta hau kekenta.

Saura ɗaya, in ji shi a hanya, har yana 'yar rawa da sanda. Bożena ta ce saura kuma kwanaki kaɗan.

Rana ta gaba ya ja kujera ya kai bakin matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa, ya zauna. Ya ƙi zuwa shan gahawa, ya ƙi zuwa cin abincin rana. Duk sanda Gunnel ta wuce sai ya kalli matakalar, ya dafe ƙirji, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. A Lubrzyn ko kurma ya ga haka ya san abin da ake nufi. A Tornvik kuwa, dattijon da ya ƙi abinci yana dafe ƙirji yana nishi, ma'anarsa ɗaya ce.

Gunnel ta durƙusa a gabansa ta tambaya ko a kira masa likita. Ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau. Ta ce fuskarsa ta yi fari, ta roƙe shi ya bari a kira. Ya ce kada ta wahalar da kanta. To dokar wurin aiki a ƙasar ba ta wasa da ciwon ƙirji, shi ne abu ɗaya tak da aka koya wa Gunnel kada ta yarda da "a'a" a kansa. Ta kama hannunsa, ta ɓata rai, ta ce ba za ta ji daɗi ba sam in bai bari an duba shi ba.

Tayi na uku ne, cikakke, har da ɓacin ran uwar gida. Ba abin da Farfesa zai iya yi.

"To," ya ce da sanyin murya, "ɗan kaɗan dai, don kada a ce na raina."

Haka aka ɗauke shi a motar asibiti. Aka manna masa wayoyi, aka ɗebi jini, aka sa shi ya taka keken da ba ya zuwa ko'ina. Zuwa yamma likita ya ce zuciyarsa ta fi ta likitan kansa lafiya, ba abin da ke damunsa sai yunwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta dire masa burodi da cuku a gaba ba tare da ta tambaye shi komai ba, ta tafi. Ya cinye tas, ya sa mata albarka a zuci. Yini guda ya tafi a banza.

Bożena, da ta ga abin ya kai ga motar asibiti, ta yanke shawarar cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba tare da sanin malaminta ba, ta sami Gunnel a ɗakin gahawa, ta zayyana mata komai: cewa a wajenmu amsar farko ladabi ce, ta biyu ma ladabi ce, ta uku ita ce gaskiya. Gunnel ta zauna a hankali. Ta tambaya, ke nan burodin kirfan ma suna so? Bożena ta ce har mafarkinsa sun yi. Idon matar ya ciko da ƙwalla. Shekara da shekaru tana karɓar masu bincike daga Poland, tana mamakin yadda mutane masu jiki haka ba sa cin komai. Ashe da yunwa take sallamar su.

Wata mace a wata ƙasa da sai ta sauka ƙasa kawai ta sa a hau da akwati. Amma a nan ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, ko da a kan sauya wurin kwandon shara ne. Gunnel ta kira taro. Aka rufe ɗakin karatu ranar Alhamis ɗungurungum, duk ma'aikata suka zauna, daga mai lissafi har mai yankan ciyawa, kowa ya faɗi yadda ya ji a ransa game da al'adun baƙi. Aka sha gahawa, aka koma, aka sake sha. Da yamma Gunnel ta fito fuskarta na haske, ta ce wa Bożena kada ta damu, sun sami mafitar da kowa ya yarda da ita. Bożena ba ta tambayi wace iri ba ce. Abin da aka tsayar shi ne: daga yau duk baƙon da ya zo daga Poland za a tambaye shi sau uku, amsa biyun farko ba za a lissafa su ba ko mene ne ya ce, ta uku kaɗai za a yi aiki da ita.

A daidai lokacin da ake wannan taro, Farfesa na masauki yana yaƙi da kansa. Kwanciyar asibiti ta girgiza shi. Yana kallon rufin ɗakin ne ya ga abin ƙarara: zai mutu, za a binne shi a bakin fadamar Lubrzyn, kuma 'yan Warsaw za su zo jana'iza su yi jawabi suna danne dariya. Da Bożena ta dawo ya ce mata ta koya masa.

Ta ɗauki butar shayi ta tsaya a gabansa, ta ce ita ce Gunnel, butar ce akwati.

"In kawo maka?"

"Eh, in dai ba zai zama damuwa ba, ko da yake gaskiya ba lallai—"

"Pan Farfesa, yanke wutsiyar."

"Eh, amma—"

"Ba amma."

"Pani Bożena, ke ba ki da tausayi. Kalmar nan tsirara take."

"Haka suke son ta."

Suka yi ta yi har shayin ya huce. Ya ce "eh" yana kallon ƙasa, ya ce "eh" yana rufe ido, sau ɗaya ma ya ce "eh" sannan ya nemi gafarar butar. Daga ƙarshe ya miƙe tsaye, ya dubi Bożena ido cikin ido, ya faɗe ta ita kaɗai, ba kai ba wutsiya. Sai ya yi alamar gicciye, ya ce wa mahaifiyarsa ta yi haƙuri, sau ɗaya ne.

Ranar Juma'a, ranar ƙarshe, za a rufe ɗakin karatu da tsakar rana. Farfesa ya zo da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ya yi mamakin ganin ma'aikata sun jeru a jikin bango suna murmushi, don kowa na son ganin yadda sabuwar doka za ta yi aiki. Mai yankan ciyawa ne kawai babu, ya riga ya tafi hutun bazara. Gunnel ta tako ta tsaya a gabansa, ta haɗa hannu.

"Ignacy, in sa a kawo maka akwatin?"

Ya ja numfashi.

"Eh."

Bożena ta runtse ido don godiya. Gunnel ta gyaɗa kai, ta lanƙwasa yatsa ɗaya a ɓoye, ba ta motsa ba.

"Ignacy, kana so a kawo maka akwatin?"

Ya ɗan dube ta. Wataƙila ba ta ji ba, ai kalmar gajera ce.

"Eh," ya sake cewa, amma wannan karon muryar ta ɗan rage tsawo.

Ma'aikata suka kalli juna cikin jin daɗi, komai na tafiya yadda aka tsara. Gunnel ta lanƙwasa yatsa na biyu. Ta tuna Bożena ta ce a na uku uwar gida kan ɓata rai, don haka ta tattara duk iyawarta ta haɗe gira, ta sa damuwa a fuska, ta yi magana a hankali.

"Ignacy. Ka tabbata kana so a hau da akwatin nan?"

Akwai wata doka a Lubrzyn da Bożena ba ta gaya wa Gunnel ba, don ba ta taɓa zaton za a buƙace ta ba. In ka riga ka ce "eh", sai uwar gida ta sake tambayarka, ta kuma sakewa da fuska a haɗe, to tukunya ce ta ƙare. Tana roƙonka ne ka rufa mata asiri a gaban mutane. Wanda ya nace a wannan lokaci, ko awakin ma ba za su yarda su suka rene shi ba.

Farfesa ya dubi fuskar Gunnel, ya dubi mutanen da suka jeru suna kallonsa. Nan take ya gane, ko ya ɗauka ya gane. Wani abu ya faru. Ko makulli ya ɓata, ko ruwa ya ci akwatin, ko an hana ta daga sama. Baiwar Allah ta tara shaidu tana neman ya sauƙaƙa mata, shi kuwa ya tsaya yana ta "eh, eh" kamar ɗan akuya. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne. Ya ji tausayinta ƙwarai.

"A'a, Pani Gunnel," ya ce da taushi. "A bar shi. Na gode da ɗawainiya."

Gunnel ta saki fuska, ta yi ajiyar zuciya. Ashe da gaske ba ya so, kuma da ba don sabuwar doka ba da sun tilasta wa dattijo abin da bai yi niyya ba. Mai lissafi har ya ɗan tafa.

Bożena ta yi tsalle ta shiga tsakani, ta ce ai ya ce eh, sau biyu ma, kowa ya ji.

"Amma ke kika ce min ta ukun ce gaskiya," in ji Gunnel.

Sai a nan Farfesa ya ji labarin taron, da dokar, da yatsun da aka lanƙwasa. Ba makullin da ya ɓata, ba ruwan da ya ci komai. Akwatin na nan ƙasa lafiya lau, masu ɗauka ma suna tsakar gida suna jira tun safe. Bożena ta ce to a sake tambayarsa, na huɗu. Gunnel, da ta fara gane an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ta ce da gaske tana so, amma doka ta ce ta uku ce ta ƙarshe, kuma abin da taro ya ƙulla taro ne kaɗai ke kwance shi, da kowa da kowa a zaune. Aka buga wa mai yankan ciyawa waya. Yana cikin kwale-kwale a tsakiyar wani tafki, wayar kuma tana gida a kan firji, matarsa ce ta ɗauka. Bożena ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ambaci yaƙin da ƙararrawar cocin da ƙyauren gidan alƙali. Ma'aikata suka saurare ta da ladabi, suka ce sun fahimci yadda take ji, kuma za a sa batun a taron farko bayan hutu. Ana cikin haka ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa, babbar motar kwasar kaya ta shigo da baya-baya.

Farfesa ya tattara fensiransa, ya bar Bożena tana ta fama, ya fita zuwa zaure. Ba haushin Gunnel yake ji ba, ba kuma na Bożena ba. Baƙin ciki ne kawai, mai nauyi, irin na wanda ya san ba wanda ya yi masa sai shi. Ya tsaya kusa da ƙofar fita.

Sai ya ji taku daga matakalar ƙasa. Wasu ƙarti biyu cikin gajeren wando suka hauro da wani abu a naɗe cikin bargo mai ruwan toka. Bai kai girman da ya rubuta a littattafansa ba, kuma ba alamar yana da wani nauyi, don na bayan da hannu ɗaya ya riƙe, ɗayan hannun yana cin tuffa. Bargon ya ɗan zame ta gefe guda, kusurwar ƙarfe mai tsatsa ta leƙo. Wani wari ya bugi hancinsa, na tsohon katako da kakin kyandir, warin bayan bagaden cocin Lubrzyn sak. Idonsa ya cika. Abin na tafe, saura ƙiris ya gogi kwat ɗinsa.

Na gaban ya tura ƙofa da kafaɗa, ta dawo, ya sake turawa, ta sake dawowa. Ya waiga ya ga dattijo tsaye ba ya aikin komai.

"Ɗan riƙe mana ƙofar nan mana."

Farfesa Wolnik ya sa hannu biyu ya buɗe ƙofar har bango, ya matsa gefe don kada ya tare hanya. Akwatin ya wuce ta gabansa, ya sauka matakala, ya shiga mota. Mai tuffa ya ɗago masa hannu ya ce sun gode.

"Ba komai," in ji Farfesa.